Yadda Ake Sassaƙa Fuskar Mai Zane a Kan Lino a Buga Ta a Takarda

Tun da na rataye hoton Malam a bangon ɗakin aikina, da wuya mako ya wuce wani bai tsaya a gabansa ya tambaya ba: wannan da biro ka yi, ko inji ne ya buga? Ko ɗaya. Bugun lino ne. Na sassaƙa fuskar a kan wani faifai mai kama da roba, na shafa masa tawada, na kifa takarda a kai, na murza bayanta da cokali. Malam ɗin nan mai zanen fenti ne, shi ya koya mini riƙon burushi, kuma hoton mai zane ya fi na kowa wuyar yi, don shi ba zai ce maka ya yi kyau saboda kara ba. Matsowa zai yi, ya ƙanƙance ido, ya nuna maka inda hanci ya karkace. Masu tambaya sun yi yawa, bayani a tsaitsaye kuma ba ya ƙosarwa, shi ya sa na zauna na jera matakan yadda nake bin su.

Abu biyu za ka riƙe kafin ka taɓa wuƙa. Duk inda ka sassaƙe, fari zai fito a takarda, inda ka bari kuma baƙi. Sannan duk abin da ke kan lino juyawa yake yi idan ya hau takarda, kamar a madubi.

1. Haɗa kaya

Lino guda biyu, kowanne kamar santimita 20 da 30, kaurinsa wajen milimita 3. Ɗaya na aiki, ɗaya na koyon hannu. A shagon kayan zane ake samunsa. In babu shi a garinku, faifan robar da masu takalmi ke yanka tafin takalmi da shi yana yi, matuƙar fuskarsa sumul take, sai dai ba ya riƙe siririn layi kamar lino. Filawud ma ana sassaƙa shi, amma yana tsagewa ta bin jijiyar itacen, ba na ba sabon shiga shawararsa a kan fuska.

Wuƙaƙen sassaƙa uku sun isa: ƙarama mai bakin V don layi, matsakaiciya mai bakin U don siffa, da babba mai bakin U don share fili. Na Speedball ko Essdee masu canjin baki su ne masu sauƙin kuɗi, na Pfeil da ake yi a Siwizalan sun fi kaifi da daɗewa, amma guda ɗaya tana iya cin kuɗin sauran kayan. Da ƙarfen tsohuwar laima na fara. Kashin laima dama lanƙwashe yake kamar U, sai ka yanke shi, ka wasa bakinsa a dutse, ka soka shi a guntun itace.

Sauran: rola ta roba mai faɗin aƙalla santimita 10, gilashi mai kauri da za ka baza tawada a kai, wuƙar kwaɓa fenti, cokalin katako ko na ƙarfe mai sulɓin baya, takardar kwafi mai shara-shara, fensir mai taushi irin 4B, baƙar maka (alƙalamin tawada mai kaurin baki), salatef na takarda, sanfefa mai laushi, kwali, tsumma.

Tawada ta mai ita ce tawa. Ta ruwa ta fi sauƙin wanki, amma a hunturu kafin ka buga na uku ta bushe a kan gilashi. Ƙaramin bututu ɗaya na baƙar tawadar mai zai buga maka guda ashirin har ya yi saura. In ba ka samu ba, je maɗaba'a ka roƙi a sayar maka da cikin gwangwanin tumatur na baƙar tawadar injin buga littattafai. Tana da tauri, sai ka sassauta ta da ɗigo biyu ko uku na man linsid, wato man da masu zane ke sassauta fentin mai da shi.

Maganar kuɗi: farashin waɗannan kaya dala yake bi, don kusan duk shigo da su ake yi, saboda haka ka zaga shago biyu ko uku kafin ka ciro kuɗi. Wuƙaƙe da rola sau ɗaya za ka saya. Abin da ke cin aljihu kullum takarda ce. In kana son kwafi 20 masu kyau, tanadi takarda 30 girman A3, ban da tarin farar takardar ofis ta gwaji. Tunda da cokali za ka buga, nemi marar kauri, tsakanin giram 70 da 120 (da giram ake auna kaurin takarda), marar sheƙi.

Hattara: kada mai shago ya lallashe ka ka sayi takarda mai kaurin giram 250 ko 300 wai ita ce ta manyan masu zane. Ta injin matsi ce. Da cokali hannunka zai mutu, baƙin kuma ya fito dabbare-dabbare.

2. Zaunar da mai hoton

Tun kafin fensir, ku yi magana. Guda nawa za ka buga, nawa ne nasa, kuma ya yarda a sayar da sauran? Abota da yawa a kan irin wannan ƙaramar maganar take tsami.

Zaunar da shi kusa da taga guda ɗaya, ka rufe sauran, ka kashe fitila. Kana son haske ya zo daga gefe ɗaya kuma daga ɗan sama, yadda rabin fuska zai haska, rabi ya nutse. Hasken da ke dukan fuska ta gaba yana shafe ta kamar faranti, ba abin da za ka sassaƙa. Ya ɗan juya kai, kada ya fuskance ka ɗoɗar kamar hoton fasfo.

Ka yi zane uku ko huɗu da hannunka yana zaune, minti goma-goma, sannan ka ɗauki hoto da waya don tuni. Ba na son dogaro da hoton waya kaɗai, domin in ka matso da ita tana kumbura hanci tana ƙanƙantar da kunne. Ja baya kamar taku uku. Kuma ka sa shi hira. Malam da na ce ya yi shiru sai ya koma kamar mai jiran alƙali, sai da na tsokano masa zancen tsadar fenti sannan girar hagu ta ɗaga yadda kowa ya san shi da ita. Wannan girar ita ce hoton.

Me zai nuna cewa mai zane ne? Abu ɗaya tak ka zaɓa: burushi a hannu, ko gefen allon zane a bayansa. In ka tara burushi da gwangwanaye da allo da taga, fuskar za ta ɓace a cikin shirgi. Anthony van Dyck, wani mai zanen fenti na Turai wanda ya rasu a 1641, ya yi hotunan 'yan uwansa masu zane a kan faifan jan ƙarfe, irin su Frans Snyders da Pieter Brueghel ƙarami, aka tara su da wasu aka buga a Antwerp da ke Beljiyam ta yau a 1645. A waɗanda ya yi da hannunsa, kai yake gamawa tsaf, riga kuwa layi kaɗan yake ja ya bar ta. Wannan dabarar ta fi kowace amfani a wurina.

3. Raba fuskar gida biyu

Nan aikin yake, kuma nan mutane ke gaggawa. Lino bai san toka-toka ba, baƙi ne ko fari. Ɗora takarda mai shara-shara a kan zanenka, ka ƙanƙance ido har fuskar ta zama dishi-dishi, sannan ka zagaye wuraren da haske ya sauka kawai. Sauran duka ka cike da maka.

Ga mai baƙar fata, lino kamar don shi aka yi. Baƙin tawada shi ne fatar, kai haske kawai za ka tono: tsakiyar goshi, karan hanci, tudun kunci na ɓangaren taga, saman leɓen ƙasa, ɗan kan haɓa, da gefen kunne. Wuri shida ko bakwai ke nan. In sun zauna daidai, kamanni ya fito ko da ba ka ja layin baki ba. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya share fuskar duka ta zama fara, ya bar layin ido da hanci da baki kamar zanen littafin firamare. Mutumin sai ya koma wani daban.

Tsakanin haske da inuwa kuwa, da ƙananan layuka ake yin gada. Layukan su bi lanƙwasar fuska: a goshi su kewaya, a kunci su gangaro, kada su tafi a miƙe kamar ruwan sama. Inda ka matse fararen layuka wuri zai yi haske, inda ka warwatsa su zai yi duhu. Furfurar gemu da aikin hula su ne wurin more hannu, amma ka bar su sai ƙarshe.

Yanke shawarar bango tun yanzu. Ɓangaren fuska mai duhu yana son farin bango a bayansa, mai haske kuma yana son baƙi, in ba haka ba gefen kai zai narke.

Hattara: duk layin baƙi da bai kai kaurin milimita ɗaya ba yana iya gutsurewa wajen bugu. Ƙara masa kauri tun a takarda, musamman sandar tabarau.

4. Mayar da zanen kan lino

Goge fuskar linon da sanfefa mai laushi kaɗan, ka share ƙurar. Ni nakan shafa masa jan fenti na ruwa siriri in bari ya bushe, don duk inda wuƙa ta bi in gan shi fes.

Bi layukan zanenka da fensir 4B a kan takarda mai shara-shara. Sai ka kifa ta, wato ɓangaren fensir ya kalli lino, ka liƙe da salatef, ka murza bayanta da cokali. Fensir zai koma kan lino a juye, kuma haka ake so. Bi shi da maka, ka cike duk inda zai zauna baƙi.

Hattara, kuma wannan da jikina na ji shi: kada ka sa takardar kabon ka kwafa zanen a miƙe. Haka na yi a karon farko. Kwana huɗu ina sassaƙa, na buga, na kai wa Malam ina murna. Ya riƙe takardar da nisa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai yaro, yaushe na zama bahago?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ban gane ba." Ya nuna burushi. Ga shi nan a hannun hagu. Aljihun babbar rigarsa mai aska biyu ya koma ƙirjin dama, billen da ke kuncinsa ya tsallaka ɗaya kuncin. Ba gyara, sai sabon lino. Saboda haka kafin ka sa wuƙa, ɗaga linon a gaban madubi. Abin da ka gani a madubin shi zai fito a takarda. Duba hannun burushi, agogo, tabo, karin hula, da duk wani rubutu.

5. Sassaƙa

Sa kafinta ya yi maka matokari: katako mai faɗi, da ɗan sanda a samansa can gaba inda lino zai tokare, da wani a ƙasansa ta wajenka wanda zai kama bakin tebur. Aikin minti goma ne, yana ceton yatsu.

Lino mai sanyi tauri gare shi, yana ɓarewa. A hunturu ajiye shi a rana minti biyar, ko ka zauna a kansa kana shan shayi. A bazara kuwa da kansa yake laushi.

Fara da linon koyo, minti ashirin: layi miƙaƙƙe, layi mai lanƙwasa, ɗigo, da layin da ke farawa siriri ya yi kauri ya sake sirancewa. Riƙe wuƙar ƙotarta a tafin hannu, bakinta a kwance-kwance, kada ka nutsa. Rabin kaurin lino ya isa. In ka hango saƙar buhun da aka manna a bayan linon, ka wuce gona da iri. Wajen lanƙwasa, linon za ka juya, hannu ya tsaya inda yake.

Ga jerin da nake bi. Da farko riga da kafaɗa, inda kuskure ba ya kisa, don hannu ya warware. Sai gefen kai da ƙaramar V. Sai manyan wuraren haske na goshi da kunci. Sai hanci da baki. Ido shi ne na ƙarshe a fuska, da safe, da wuƙa sabuwar wasawa, ba bayan la'asar da ido ya gaji ba.

A kan ido zan ɗan tsaya. Farin ido a inuwa yake, kada ka share shi duka, in ka yi haka mutumin zai fito kamar ya ga kura. Ɗan tsinke biyu a gefen ƙwayar ya wadatar. Ɗigon hasken da ke cikin ƙwayar ido kuwa, soka bakin V za ka yi ka ɗan juya ka ɗaga, girmansa kamar ƙwayar gero, kuma a ido biyun ya zauna a gefe ɗaya, gefen taga. Idon da ke cikin inuwa wani lokaci wannan ɗigon kaɗai yake bukata.

Hattara: hannu biyun duka su zauna bayan bakin wuƙa. Wuƙar da ta dakushe ita ke zamewa, don sai ka danna da ƙarfi. Ajiye filasta kusa duk da haka. Sannan abin da ka sassaƙe ya tafi ke nan, in kana shakka a kan wani wuri, bar shi baƙi har ka ga gwaji.

6. Gwaji

Da ka kai kamar kashi biyu cikin uku, tsaya. Kaɗe ɓurɓushi da tsohon burushin haƙori, ka buga a takardar ofis yadda zan bayyana a mataki na gaba. Manna gwajin a bango, ka koma ƙofar ɗaki ka kalla. Ɗauki farin fenti ka gwada a kan takardar duk hasken da kake tunanin ƙarawa, in ya yi, sannan ka sassaƙe shi a lino.

Nuna wa wanda ya san mutumin, kada ka faɗi ko wane ne. In ya ambaci suna nan take, ajiye wuƙa. Mai hoton da kansa kada ya ga gwajin farko, don mai zane ne, zai karɓe wuƙar ya fara gyara hancinsa.

7. Bugu

Yi ma'auni da kwali: yanke rami daidai girman lino a tsakiya, ka ja layi a inda kusurwar takarda za ta riƙa zama. Da haka duk kwafin za su sami gefe iri ɗaya. Bar gefen ƙasa ya ɗan fi na sama faɗi saboda sa hannu.

Ɗebi tawada kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu, ka ja ta a saman gilashi. Taɓo kaɗan da rola, ka murza gaba da gefe, kana ɗaga rolar a ƙarshen kowace tafiya don ta juya. Kunne ne ma'auni a nan. In sautin siriri ne kamar yayyafi a kan kwano, ta yi. In kana jin ɓalli-ɓalli kamar ana zare ƙafa daga taɓo, ta yi yawa, kwashe da wuƙar fenti.

Shafa wa lino sau uku ko huɗu siriri-siriri, ta fuskoki daban-daban. Shafa ɗaya mai kauri ita ke cike ɗigon ido da layukan furfura, wahalar kwana huɗu ta tafi a banza. Duba filin da ka share, in rola ta taɓa tudun da ya rage, goge da tsumma. Wasu suna son waɗannan ɓurɓushin layuka a bango, ni ma ina barin kaɗan a bayan kai, amma ban da kan goshi.

Wanke hannu, ko ka shafa hoda a yatsu. Saita kusurwar takarda, ka sauke ta sau ɗaya, ka shafa da tafin hannu ta kama. Ɗora wata siririyar takarda a bayanta don kada cokali ya huda, sannan ka murza da bayan cokali a ƙananan da'irori, daga tsakiyar fuska zuwa waje. Girman nan yana cin minti biyar zuwa takwas. Danne rabin takardar da hannu, ka ɗaga kusurwa ɗaya ka leƙa. Inda ya yi fari-fari, mayar ka ƙara murzawa. In ya yi, ɓare ta a hankali daga gefe ɗaya.

Bugu biyu ko uku na farko kullum ba sa yin baƙi sosai, lino yana shan tawada tukuna. Yi su a takardar ofis.

Hattara: in takarda ta motsa bayan ta taɓa tawada, fuska za ta fito da ido huɗu. Kada ka yi ƙoƙarin gyara zamanta, cire ka sa wata.

Masu tambayar launi na biyu: akwai hanyar da ake buga launi mai haske, a ƙara sassaƙe linon nan dai, a buga mai duhu a kai, wadda Picasso, mai zanen nan ɗan Sifen, ya shahara da ita a Vallauris ta Faransa wajen 1959. Ba a komawa baya a cikinta. Ka yi fuska uku da baƙi zalla tukuna.

8. Shanya

Ɗaura igiya a cikin ɗaki, ka maƙale kowace takarda ta kusurwa, kada su taɓa juna. Tawadar mai tana ɗaukar kwana uku zuwa mako, da damina ta fi haka. Rufe taga in ana ƙura, don duk abin da ya sauka a kan ɗanyar tawada ya zauna ke nan. Gwada da bayan yatsa a kan takardar gwaji, ba a kan mai kyau ba.

9. Lamba da sa hannu

Baza su duka a ƙasa, ka fitar da masu tabon yatsa da masu dabbare-dabbare, ka yaga su. Zuciya za ta ce a bar su, kada ka saurare ta. Waɗanda suka rage su ne adadinka. Da fensir ake rubutu, ƙarƙashin hoton: a hagu lamba, 1/20, 2/20 har ƙarshe, a tsakiya sunan mai hoton, a dama sa hannunka da shekara. Ana ware kamar kashi ɗaya cikin goma a rubuta musu A/P, wato rabon mai aikin, ka ga a ashirin guda biyu ke nan.

In ba daga zanenka ka ɗauko fuskar ba, misali daga hoton da mai zanen ya yi wa kansa da fenti, to sunansa ya shiga a matsayin mai asalin zanen. Tsofaffin bugun Turai haka suke yi da Latin: sunan mai fenti da kalmar pinxit, sunan mai sassaƙa da sculpsit. Da Hausa sai ka rubuta wane ya zana, wane ya sassaƙa.

Lamba ta ɗaya ta mai hoton ce. Kai masa da kanka, a cikin kwali biyu, kada ka naɗe.

10. Wanki da ajiyar lino

Kankare ragowar tawada daga gilashi, ka zuba man gyaɗa kaɗan ka goge da jarida, sannan sabulu. Rola ma haka, ka ajiye ta robar tana sama don kada ta lotse. Lino kuwa tsumma mai ɗan mai kawai, kada ka tsoma shi a ruwa, buhun bayansa zai sha ya lanƙwashe.

Hattara: tsumman da ya sha man linsid in aka dunƙule shi aka jefa a kwando yana iya ɗaukar zafi har ya kama wuta da kansa. Shanya shi a buɗe a waje, ko ka jiƙa shi da ruwa kafin ka zubar.

Tunda ka rubuta 20, ba ka da ikon buga na 21. Wasu suna jan layi da wuƙa daga kusurwa zuwa kusurwa don kashe linon. Bruce Onobrakpeya, mai zane ɗan Nijeriya wanda ya yi karatun zane a Zariya kuma yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta can a 1958, wata hanya ya bi: yakan liƙa tsofaffin linonsa a kan katako ya shafe su da launin tagulla, su zama aiki na daban. Ita na ara. Linon Malam na biyu yana bango da launin tagulla. Na farkon, mai bahagon, yana hannunsa, ya ƙi ba ni, a kansa yake ɗora kofin shayi.